Hazon Hunturu da Injin Gas: Tambayar da Ya Kamata Kano Ta Yi

Tun daga 2020 da aka ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, mutanen Kwanar Dangora da Kiru da Bebeji ke sa ran samun wutar lantarki wadatacciya. A ganina akwai tambayar da ba a cika yi ba: shin injinan da za su ƙona gas ɗin za su jure wa iskarmu?

Mai karatu ya sani cewa injin gas ba ya aiki sai da kwamfuresa, wato jerin fukafukai da ke juyawa a kan sanda ɗaya suna matsa iska zuwa ɗakin ƙonewa. Kowane fiffike yana da kusurwar da yake so iska ta same shi. Idan iskar ta ragu, kusurwar ta yi yawa, sai iska ta saki bayan fiffiken, mashigarta ta toshe. Howard Emmons na Jami'ar Harvard ya bayyana abin da ke biyo baya a 1955: iskar da aka tare takan kauce, ta dagula fiffiken da ke maƙwabtaka, na farkon kuma ya farfaɗo. Haka toshewar ke kewaya injin, sau da yawa da kusan rabin gudun fukafukan, tana jijjiga su har ƙarfe ya gaji ya tsage. In abin ya tsananta, sai injin ya amayo iskar ta baki da ƙara mai firgitarwa.

To, ina ruwanmu? Ƙurar hunturu takan manne wa fukafukai, ta kuma goge bakinsu, sai tazarar da ke tsakanin aiki lafiya da toshewa ta ƙuntata. Zafin bazara da raguwar gudun injin idan layin wutar ƙasa ya raunana su ma suna cin wannan tazara.

Saboda haka bai kamata a sa hannu a kwangilar tashar gas a Kano ba sai an rubuta irin matatar iska da jadawalin wanke kwamfuresa a ciki, an kuma ware musu kuɗi na dindindin. Sannan a bai wa sassan injiniyancin Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello aikin auna ƙurar wurin, aƙalla hunturu biyu, kafin a zaɓi inji.