Wasiƙa ga Matuƙa Jirage da Ma'aikatan Hasumiya

'Yan'uwana da ƙannena,

Daga Batagarawa nake rubuto muku, inda rugugin jiragen da ke sauka a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa yake iso mana har tsakar gida. Na daɗe da ajiye aikin hasumiya, amma maganar gajarta sunan jirgi a rediyo ba ta bar raina ba.

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya ya san ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Kiran farko da cikakken suna ake yi. Ba a gajartawa sai magana ta kankama, kuma babu fargabar ruɗani. Sannan mai hasumiya ne ke farawa. Matuƙi ba ya datse wa kansa suna sai an riga an kira shi da gajeren. Misali, jirgi mai rajista 5N-ABC sai ya koma 5BC: alamar farko da haruffa biyun ƙarshe. Wanda ake kira da sunan kamfani da lambar tafiya kuwa, irin na jigilar alhazai, ba a rage masa komai.

Ga abin da ya shafe mu musamman. Rajistar Nijeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U, kuma tsakaninmu da Maraɗi ba nisa. In 5N-ABC da 5U-DBC suka haɗu a layin rediyo guda, aka datse su, dukansu 5BC ne. A gida in an kira Audu, biyu suka amsa, sai a sake kira. A sama fa? Ka ce ɗaya ya sauko, ɗayan ya ɗauka da shi kake, ga hazon hunturu ya rufe ko'ina, ba mai hango wani.

Ma'aikacin hasumiya, kafin ka gajarta, dubi duk jiragen da ke hannunka. In sunaye sun yi kama, faɗa wa matuƙan biyu, ka koma cikakken suna. In ta kama, umarci ɗaya ya canza suna na ɗan lokaci, doka ta ba ka wannan dama.

Kai kuma matuƙi, da ka sauya layi, ka koma baƙo, domin wanda ka tarar bai taɓa jin muryarka ba. Faɗi sunanka dukansa. In kuma ka ji gajeren suna, zuciyarka ba ta natsu ba, kada ka taɓa komai. Tambaya, da cikakken sunanka, ko da kai ake.

Allah ya sauke ku lafiya.

Naku,
Tsohon ma'aikacin hasumiya,
Batagarawa.