Kafin Leza Ta Rubuta Sunanka, Wa Ya Yanka Fallen?

Makon nan da faɗa na zo, wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri.

A wani zaman ƙungiyarmu, wani ɗan'uwa ya ɗaga lambar yabon da aka ba shi ya ce, "Ku dubi aikin leza! Maƙera kam sai su nemi wata sana'ar." Aka yi dariya, aka tafa. Ni ban tafa ba, domin na san hannun da irin wannan falle yake bi kafin ya isa gaban na'ura, kuma sai da na jawo wa ƙungiya asara kafin in sani.

Bara muka shirya gasar gajerun labarai ta ɗaliban Tambuwal da Kebbe, aka ɗora mini aikin lambobin yabo, wai ni ne mai difloma. Mai na'urar a Sakkwato ya ce zai yi mana rangwame in mun kawo fallayen a yanke, santimita 13 a 18. Na sayi baƙin fallen alminiyam mai kaurin rabin milimita, na ari almakashin yankan kwano, na zauna a zaure ina ta datsa. A idona aikin ya yi. Da aka gwada guda uku a na'ura, tsakiyar rubutun ta fito fes, gefe kuwa ya dushe kamar allon da aka wanke.

Ga dalili. Leza haske ce da gilashi yake tattarawa a ɗigo guda, a wata tazara ƙayyadaddiya. In falle ya ɗaga daga kan teburin na'ura ko da kaɗan ne, ɗigon sai ya baje, ƙarfinsa ya ragu. Almakashi kuwa ba ya yanka falle sai ya murɗe bakinsa. Wato tun a zauren gidanmu na ɓata rubutun, kafin a kunna na'ura. Mai shagon ya kuma fahimtar da ni abin da masu tafin nan ba su sani ba: irin na'urarsa ba ta yanka ƙarfe. Rinin da ke saman alminiyam ɗin take ƙonewa, fari ya bayyana, shi ne rubutun da kuke gani.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne a Tambuwal, mai yin akwatin ƙarfe da mazurari. Ya juya fallen a hannu ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wanga aiki?" Na ce, "Baba, ni ne." Bai ƙara magana ba. Ya ɗora sauran fallen a kan katako mai laushin fuska, ya auna, ya tabbatar kusurwa ta tsaya, ya danne da rular ƙarfe, ya ja wuƙa mai kaifi a kan layi ɗaya sau da yawa, ba da ƙarfi ba. Sannan ya kawo layin daidai bakin tebur ya lanƙwasa sama da ƙasa, fallen ya rabu a miƙe. Ya bi bakin da magagari ya cire kaifin da ke yanka yatsa. Ledar da ke manne a fuskar fallen ya hana ni ɓarewa, ya ce ita ke tsare shi daga ƙarzuwa. Daga baya mai na'ura ya ɓare ta kafin ya fara aiki, domin wata ledar in ta ƙone hayaƙinta guba ne, yana kuma cin na'urar.

Na ce masa da na sani da giranda na kai wa mai walda. Ya ce da na ƙone rinin gefen gaba ɗaya, falle mai wannan siranta ba ya jure zafinta.

Akwai ma lissafi a ciki, irin wanda muka yi a aji muka manta. Cikakken falle ƙafa 4 ne a 8, wato kusan santimita 122 a 244. In ka jera 13 ɗin a gajeren gefe za ka fitar da guda 117. In ka juya su, 108 za ka samu. Guda tara sun tafi a juyi ɗaya kawai. Wanda yake cin abinci da falle ba ya sa wuƙa sai ya gama wannan lissafin, ko da bai taɓa riƙe kalkuleta ba.

Na san abin da za a ce mini: ai akwai lezar da ke yanka ƙarfe. Gaskiya ne, akwai, a manyan masana'antu, tana shan wuta mai yawa, ana hura mata iskar gas tana aiki. Leza ba sabon abu ba ce, tun 1960 Theodore Maiman ya kunna ta farko a Amurka. To amma wace ce a cikin shagunan da muke kai aikinmu? Kuma da wace wutar za a riƙe babbar a Kebbe ko Dogon Daji? Ƙaramar da ke iya isowa gare mu rubutu take yi, kuma kullum tana jiran wanda zai miƙo mata falle a miƙe. Ba ta kori maƙeri ba, sabon ciniki ta kawo masa, in mun bari ya san da shi. Mu ne muke tsallake shi mu yi odar yankakke daga Kano ko Legas, mu biya kuɗin mota, sannan mu hau Facebook muna kukan babu aikin yi a garuruwanmu.

Yanzu bari in zo kanmu. Littattafanmu cike suke da Alhaji mai kamfani, amma marubucin bai san abin da kamfanin yake ƙerawa ba. Jarumi injiniya ne daga shafin farko har na ƙarshe, bai taɓa riƙe ma'auni ba. In maƙeri ya shigo labari, to uban yarinyar da za a raina ne. Alhali Hausa ta daɗe da rarrabe maƙeran baƙi da maƙeran fari, tana da masaba da awartaki da zuga-zugi da uwar maƙera, a birnin Sakkwato ma unguwa guda ce ake kira Maƙera Assada. Kalmomin suna nan, mu ne ba mu je mun ɗauko ba.

Wani zai ce ƙagaggen labari ba littafin koyon sana'a ba ne. Na yarda. Ba cewa na yi ka cika babi da awo ba. Amma dubi abin da na samu a zama ɗaya: dattijo yana gyara ɓarnar mai difloma ba tare da ya kunyata shi ba, yaron shago yana danne dariya, ni kuma ina lissafin yadda zan yi wa ma'ajin ƙungiya bayani. Wannan ba labari ba ne? Ko gargaɗin da mai na'ura ya yi mini, cewa kada in kuskura in kawo fallen kwano domin tutiyar da ke jikinsa in ta ji wuta hayaƙinta yana sa zazzaɓi, ai ya isa ya ɗaure babi guda.

Ga ƙalubalen makon nan. Kowa ya je wurin mai aikin falle mafi kusa da shi, ya yi sallama, ya zauna awa ɗaya, ya tambayi sunan kowane kayan aiki daga bakin mai shi, ya rubuto mana shafi guda. Kada a kwafo daga intanet, zan gane.

Shi dai ɗan'uwan da ya ɗaga lambarsa, in ya juya ta ya shafa gefen da yatsa, zai ji inda magagarin Baba ya bi. Tana cikin waɗanda ya yanka ranar nan. Guntayen da na ɓata kuwa bai bari na zubar ba, ya ce zai yi faci da su.