Masu dariyar motar lantarki, ku sunkuya ku dubi tayarku

Akwai wata magana da ta zama abin taɓa baki a fadodin shayi da bakin tasha, daga Yamai har Damagaram: wai motar lantarki ta ba Turawa kunya. Wai tana cin taya kamar gara ta samu zana, wanda ya saye ta don gudun kuɗin mai ya koma yana zuba kuɗin a hannun mai taya. Wanda ya kawo labarin yakan rufe da cewa mu dai Allah ya bar mu da isansinmu, jama'a su kwashe da dariya, a zuba shayi na biyu. Mu ba mu ga abin dariya ba, kuma za mu faɗi dalili ko da zai ɓata wa wasu abokan zamanmu rai.

Mu fara ba mai gaskiya gaskiyarsa. Kukan da masu motar lantarki ke yi a Turai da Amurka ba ƙage ba ne. Batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin irin wannan mota yakan kai kilo 300 zuwa 500, wani ma ya zarce. Wato buhun shinkafa shida zuwa goma ke nan da aka ɗora mata tun daga masana'anta, ba a sauke su dare ko rana. Sa'an nan injin lantarki ba ya jiran canjin giya. Da an taka, ƙarfinsa duka ya sauka a kan taya nan take, kuma kowace fizga tana kankare roba a kan kwalta. Masu ƙera taya da kansu sukan ambaci cewa saurin cinyewar yana iya ƙaruwa da kamar kashi 20 cikin 100. Tayar da ta dace da ita ta fi tsada, domin sai an ƙarfafa gefenta, kuma da yawa daga motocin ba sa zuwa da tayar ko-ta-kwana. Duk wannan haka yake.

Amma a saurari kukan da kyau. Mai kukan ya san ranar da ya sa tayarsa, ya san kilomita nawa ta yi, ya san nawa ta baya ta yi, shi ya sa ya gane an rage masa. Kukan mai lissafi ne. Hukumominsu ma lissafin suke yi: a dokar hayaƙin motoci da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2024 har ƙurar da taya ke zubarwa a hanya an shigar cikin abin da za a ƙayyade. To, a cikin masu dariyar nan tamu, wa zai iya faɗa mana shekarar da aka ƙera tayar da ke ƙarƙashin motar da ta kawo shi? Mun ari kukan wani muna yi masa dariya da shi, alhali ko kayan aikin yin kukan ba mu da su.

Kuma ina tayar nan take zuwa idan ya cire ta? A Turai doka ta hana hawa taya idan zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, mutane da yawa kuma ba sa jira ta kai nan. Wani kaso na abin da suka cire ana cusa shi cikin kwantena, ya sauka a tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatano da Lome, ya hauro arewa, a jera shi a bakin hanya da sunan okaziyo, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira 'yar Beljiyam. Abin da ya zubar shi muke saye da murna, har muna buga shi da tafin hannu muna cewa da sauransa.

Ba mu ce talaka ya sayi sabuwa dole ba. Mun san aljihun mutanenmu. Abin da muke ƙi shi ne saye a makance, alhali taya tana ɗauke da tarihinta a rubuce a gefenta. Akwai lamba huɗu a jere cikin wani ɗan zobe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2314, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2014. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa tana tsattsagewa, kuma masu ƙera ta suna cewa kada ta wuce shekara goma komai kyan zanenta. Akwai kuma wata lamba da ke faɗin nauyin da take iya ɗauka: 91 na nufin kilo 615, 95 na nufin kilo 690. Mai mota ya ninka sau huɗu, ya cire nauyin motar kanta, ya ga abin da ya rage wa fasinja da buhunan albasa da akuyar da ke bisa. Akwai wadda aka zana wa dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Wannan tayar hunturun Turai ce, an yi robarta da laushi don ta kama hanya cikin sanyin da ruwa ke daskarewa. Ita ake ɗaura wa Hiyas a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ya haura digiri 40, kwalta kuwa ba ta takuwa da ƙafa. Zanenta mai zurfi ne, shi ya sa take burge mai saye.

Mafi muni shi ne wanda ke ɗaukar ƙarfe mai zafi ya sake yanka zane a kan tayar ƙaramar mota da ta riga ta suɗe, ya shafa mata baƙi, ya jera ta cikin masu lafiya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san hukuncin algus da ɓoye aibi, ya san mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aibin ya bayyana. Sai dai aibin taya ba a kasuwa yake bayyana ba. Yana bayyana ne tsakanin Doso da Dogon Dutsi, mota tana gudu, da mutum goma sha tara a ciki. Mu da aikinmu ya haɗa da rubuta takardun sulhu a zauren dattijon unguwa mun san yadda maganar ke ƙarewa. Dangin mamaci a gefe guda, mai mota a gefe guda, direba ya sunkuyar da kai in yana raye, a ce taya ce ta fashe, ƙaddara ce, a yafe, a shafa fatiha. Ba mu musun ƙaddara, Allah ya tsare mu. Amma malamanmu sun rarrabe tsakanin abin da ya faɗo wa bawa da abin da sakacinsa ya jawo, kuma a kan na biyun akwai lamuni. Mai sayar da tayar kuwa ba a taɓa kiransa zauren ba.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su san mota ba, amma sun san kaya. Madugu ba ya barin ayari ya tashi sai an duba kofaton jakuna da daidaiton mangala, domin jaki ɗaya da ya durƙushe a daji yana tsayar da kowa. Masu ayarin gishirin Bilma har yau sun san abin da raƙumi ke ɗauka, kuma shari'a ta hana a ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta. Jikokinsu ne ke ɗora wa mota kaya har ƙarfen bayanta na shafar ƙasa, sa'an nan su zauna suna mamakin nauyin batirin Bature.

Haka maganar shan mai. Kowa na kukan motarsa ta cika sha, kowa na zargin bakanike ko gidan mai, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa cika tanki, ya rubuta lambar kilomita, ya sake cikawa ya raba. Taya marar isasshiyar iska tana lanƙwasa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi, tana jan mota baya; mai ya tafi, gefen taya ya cinye, ƙarshenta ta fashe. Awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba a yawancin motoci, kuma da safe ake aunawa tun taya na sanyi. Mu kuwa sai mai faci ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ya saurari ƙara, kamar mai zaɓen kankana. Kayan da aka tula a bisa suna tare iska, kuma turjiyar iska ba ta tafiya daidai da gudu: in an ninka gudu, ita sau huɗu take ninkuwa. Sai kuma kwalbar ɗan ruwa-ruwa, wadda kowa ke kira lita ba wanda ya taɓa auna ta. Mutanen da aka yi wa gargaɗi mai tsanani a kan tauye mudu bai kamata awo ya zama baƙo a wurinsu ba.

Ga lissafin da masu dariya ba sa so a yi. A Yulin 2024 hukuma ta mayar da litar isansi sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 tana cin jika huɗu ke nan. Motar lantarki mai irin girmanta tana cin awon wuta 15 zuwa 20 a wannan tazarar, irin awon da ke rubuce a takardar kuɗin wuta. Kowa ya ɗauko takardarsa ya ninka. Ko da an ƙaddara awo ɗaya sefa 125 ne, ba za a wuce jika biyu da rabi ba. Ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, birkinta ma yana daɗewa domin injin ne ke rage mata gudu yana mayar da wuta cikin batir. Ƙarin kuɗin taya yana rage wannan riba, amma wanda ya ce ya cinye ta ƙaf sai ya kawo alƙalami.

Kada a ɗauka muna tallan motar lantarki ne. Muna da dalilan tsoronta, kuma duk sun fi taya girma. Wuta ita ce ta farko. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu. Tashar hasken rana ta Gorou Banda ta rage raɗaɗi a Yamai, madatsar Kandaji kuwa har yanzu jira ake. Sai nisa: daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, yawancin motocin nan kuwa 300 zuwa 400 suke yi kafin su nemi caji, in an kunna na'urar sanyi su rage. A Ƙwanni zai jona ko a Madawa, kuma awa nawa zai zauna? Zafi yana tsufar da batir da wuri. Batirin yana ƙasa, daidai inda ramuka da tudun rage gudu ke duka. Wutar da ke cikinsa ta kai ɗaruruwan bolt, tana kashe mutum, yaran garejinmu kuwa da hannu da sukundireba suka saba laluben waya. Waɗannan su ne maganganun da suka cancanci a kwana ana yi a fada.

Isansin da muke jingina da shi ma ba dutse ba ne. Matatar Damagaram tana aiki tun 2011, amma a Maris na 2025 mun ga layukan motoci da kabu-kabu a gidajen mai, bayan janye tallafin mai a Najeriya a 2023 ya busar da kwalaben da suka daɗe suna cike mana giɓi. Habasha ta dubi irin wannan hali ta hana shigo da motocin mai na hawa a 2024, amma ita ta gina babbar madatsa a kan kogin Nilu tukuna. A Kwatano da Lome masu baburan haya sun fara hawa na lantarki, suna sauke batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. Wannan ya fi kusa da rayuwarmu bisa ga motar alfarma, domin ɗan kabu-kabu da mai adaidaita cikin gari suke wuni.

Ko mun so ko mun ƙi, motar nan tana tafe, kuma ta hanyar da sauran suka bi za ta zo. A Norwe kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne. Tarayyar Turai ta zartar a 2023 cewa daga 2035 za a daina sayar da sababbin motoci masu hayaƙi, ko da yake suna ta ja-in-ja a kan sassauta dokar. Sin tana ƙera su da araha tana neman kasuwa. Motar da ke sabuwa a can yau, ita ce okaziyonmu bayan shekara goma. Za ta iso da fenti mai ƙyalli da batirin da ya gaji, dillali ya rantse cewa wata tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita. Batir kuwa ba a ƙwanƙwasa shi a ji ƙara, kuma kuɗin sabonsa na iya fin kuɗin motar. In tayarta ta cinye, za a je bakin hanya a ɗaura mata ta ƙaramar mota mai lamba 88, a ƙara mata fasinja shida a kan buhu goman da ta zo da su. In batirin ya mutu, a jefar da shi bayan gareji inda yara ke wasa.

Saboda haka muna magana da mutum uku. Shugabannin tasha, ku da ke karɓar kamasho a kan kowace mota: ma'aunin iska bai kai kuɗin lodi ɗaya ba, ku saya ku rataye a ƙofar fita, kada mota ta tashi sai an auna an duba shekarar taya. Jami'an duwan, kwantenar taya tana da lambobi a jikin kowace ɗaya, wadda ta haura shekara goma da mai hoton ƙanƙara ba su da dalilin wucewa. Dillalan mota kuma, tun kafin ta lantarki ta yawaita a hannunku, ku sani akwai na'urar da ake jonawa ta faɗi kashi nawa ya rage na lafiyar batir. Duk wanda ya sayar ba tare da wannan takarda ba, in rigima ta iso zaure, da sunansa za mu fara rubutu.