Kuɗin Wutar Da Ba Ya Hutu Ko Kin Kashe Komai

Yau zancena da 'yan'uwa mata ne da ke zaune a Birtaniya, musamman waɗanda aiki, karatu ko aure ya kawo su ba da jimawa ba. Na gida ma ku matso, don abin ba baƙo ba ne a wajenku.

Uwargida, ɗauko takardar bil ɗinki ta wuta da gas ki duba da kyau. Kuɗi kashi biyu za ki gani. Na farko shi ne na abin da kika sha. Na biyu kuwa an rubuta masa standing charge, ni ina kiransa kuɗin kullum. Wannan ana lissafa miki shi kowace rana, ko kin kunna ƙwai ɗaya ko ba ki kunna ba, ko kina gida ko kina Kano wajen biki.

A 2024 kuɗin ya kai kusan kwabo 60 a rana na lantarki, da kusan kwabo 31 na gas, kuma kwabo 100 ne fam ɗaya. Idan kika haɗa, ya haura fam 300 a shekara tun kafin ki ɗora tukunya. Hukumar Ofgem, mai sa ido kan kamfanonin makamashi a Ingila, Sikotlan da Wales, ita ke ƙayyade iyakarsa duk bayan wata uku. Ya kuma bambanta daga yanki zuwa yanki, inda mutanen Landan ke biyan ƙasa da na arewacin Wales.

Da wannan kuɗi ake kula da wayoyi da bututun da ke kawo wuta da gas ƙofarki, da mitoci, da wasu shirye-shiryen tallafi na gwamnati. Har asarar kamfanoni kusan 30 da suka durƙushe lokacin da gas ya yi tsada a 2021 an raba wa jama'a, wani ɓangare ta nan.

Waɗanda suka biya kuɗin wuta a Najeriya shekaru goma da suka wuce sun san irinsa. Akwai lokacin da ake ɗora wa gidaje naira 750 a wata, a kawo wuta ko kar a kawo, har sai da hukumar NERC ta soke shi daga Fabrairun 2016. A Birtaniya ma ana ta ƙorafi, saboda tsohuwar da ke ɗaki ɗaya da mai gidan sama mai ɗaki shida a unguwa ɗaya kuɗin kullum ɗinsu ɗaya ne. Wanda ya fi tsimi shi abin ya fi danna.

Inda ya fi cizo shi ne mita mai kati. Idan kuɗinki ya ƙare, wuta ta ɗauke, amma lissafin kullum bai tsaya ba, yana taruwa ne a matsayin bashi. Ki yi tafiya gida ta mako shida, ki dawo ki tarar da kusan fam 38 na jiranki a mitoci biyu. Haka na gas: idan hita kawai yake yi miki, kika bar shi wata huɗu na zafi ba ki saka komai ba, kusan fam 37 ya taru. Ranar da sanyi ya sauka kika saka fam 20, sai ki ga wani kaso ya tafi biyan bashi, ki ɗauka mitar ce ta lalace.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke kashe hita gaba ɗaya don bil ya sauka. Kuɗin kullum ba ya raguwa da wannan, lafiyar gida ce ke raguwa. Ɗaki mai sanyi yana tayar da asma, yana ƙara hawan jini, yana jawo laima da fumfuna a bango, ƙirjin yara kuma ya kama. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar ɗumin ɗaki ya kai aƙalla digiri 18, musamman inda akwai tsoho ko mara lafiya. Ki rage a ɗakin da ba kowa, amma kar ki rage a inda jariri ko Hajiya ke kwana.

Don haka ki ware wannan kuɗi a kasafin wata kamar yadda kike ware na haya. Kafin tafiya, ki ƙirga kwanakin ki loda mitar daidai da su, har da ɗan ƙari don firij. Lokacin zafi ki riƙa saka wa mitar gas kaɗan-kaɗan. Idan aka tallata miki tsarin da babu kuɗin kullum, ki duba farashin kowane yunit, don galibi can ake mayar da shi. Gidan da ba ya amfani da gas sam yana iya neman a cire mitar, amma ɗan haya sai da yardar mai gida.

Idan kuma akwai mai ciki, yaro ƙasa da shekara 5, tsoho, ko mai amfani da na'urar asibiti a gidan, ki kira kamfaninki a sa ku a Priority Services Register. Kyauta ne. Bashi ya yi yawa? Ki sanar da su da wuri a tsara miki biya kaɗan-kaɗan, ko ki nemi Citizens Advice, su ma shawararsu kyauta ce. Neman haƙƙinki ba roƙo ba ne.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba iyalanmu lafiya. Sai mako mai zuwa.