WAYAR DA KE HANNUNKA AMANA CE RANAR MASIFA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai mai karatu, ɗalibi ne kai ko mahaifi, ina so mu tattauna a kan wayar salular nan da ke gidanku. Wasu iyayenmu suna ganin ba komai cikinta sai ɓata tarbiyya, kuma suna da hujjarsu. To amma ni a ganina, ranar da masifa ta auku, wayar nan tana iya zama sanadin ceton rai, muddin mai ita ya san yadda zai yi da ita.

Ka tuna abin da ya faru a Maiduguri. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har kadoji da macizai suka fita daga gidan namun daji. Wannan madatsa ta taɓa yin ambaliya a 1994, lokacin da babu salula a hannun kowa, domin sai a 2001 ta yaɗu a Nijeriya. A wancan karo wanda ruwa ya tsare sai dai ya yi ta kururuwa. A 2024 kuwa, daga kan rufin ɗaki mutum yake kiran ɗan'uwansa ya faɗa masa inda yake, kuma daga Kano ko Legas ake tura masa kuɗin abinci nan take.

Haka aka yi a ƙasar Haiti bayan girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu, 2010. An buɗe lamba 4636 domin duk mai neman agaji ya tura saƙo kyauta. Masu aikin sa-kai a ƙasashe daban-daban suna fassara saƙonnin, suna ɗora kowanne a kan taswira cikin kwamfuta, masu ceto suna bi. Manhajar da suka yi aiki da ita sunanta Ushahidi, 'yan Kenya ne suka ƙirƙiro ta a 2008, kuma ma'anar sunan da harshen Suwahili ita ce shaida.

To ka ji, shaida! Na'ura ba ta san gaskiya ko ƙarya ba, abin da ka ba ta shi za ta kai. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya karaɗe Nijeriya cikin dare wai a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Mutane suka kwana tashin juna, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Duk wanda ya tura saƙon nan gani yake taimako ya yi. Ai kuwa aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi.

Saboda haka ga shawarata. Ka haddace lambar gaggawa 112 kamar yadda kake haddar karatunka. In damina ta kama, ka riƙa sauraren hasashen hukumar NiMet da gargaɗin hukumar NEMA, wannan bai saɓa wa tawakkali ba, domin Annabi Yusufu (A.S.) ma tanadin shekara 7 ya yi. In za ka nemi agaji, faɗi unguwa da layi da wata alama kamar masallaci, da yawan mutanen, da ko akwai tsoho ko mai ciki. Kada ka tura labarin da ba ka san tushensa ba, kada ka zuba sadakarka a asusun da ba ka san mai shi ba. Sannan ka ji tsoron Allah, kada ka ɗauki hoton gawa ko na matan da ruwa ya fito da su ba mayafi.

Ina roƙon malamanmu su keɓe ko da darasi ɗaya kafin kowace damina domin koya wa ɗalibai waɗannan abubuwa. Ku kuma iyaye, ku zaunar da yara ku gwada su.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye mu daga dukkan masifa, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.