Dariyar majinyaci ba rashin kunya ba ce

A gidaje da yawa, daga Tawa har Damagaram, ba a ambaton sunan ciwon daji. "Ciwon nan" ake cewa, a rage murya, sai ka ce majinyacin sata ya yi. In kuwa ya yi raha da sumarsa da magani ya kakkaɓe, ya ce ya huta da kuɗin wanzami, sai masu dubiya su murtuke fuska, wai ba a wasa da mutuwa. Wannan hukunci zalunci ne. Ba mutuncinsa suke karewa ba, tsoronsu suke rufewa.

Wasu majinyata a ƙetare sun ƙi wannan takunkumi. A 2012, a Amurka, mai barkwanci Tig Notaro ta hau dandali kwanaki kaɗan bayan likita ya shaida mata daji ya kama ƙirjinta, kuma da labarin ta buɗe wasan. A 2021 aka mai da wani wasanta majigin zane mai motsi. Miriam Engelberg kuwa ta zana jinyarta cikin hotunan ban dariya, littafin ya fito a 2006, shekarar da ta rasu. Dariya ba ta warkar da ita ba. Abin da ta ba ta shi ne ikon faɗin labarinta da kanta, maimakon a riƙa raɗarsa a bayanta.

Aikin zane ke nan: ya mai da dodo ɗan tsana. Nijar ba baƙuwarsa ba ce. Tun 1966 Mustafa Alasan ya sa kwaɗi suka kwaikwayi fankamar masu mulki cikin Bon voyage Sim. Ciwo ma azzalumin sarki ne. Don me za a hana talakansa yi masa shaguɓe?

Amma akwai iyaka. Dariyar ta majinyaci ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai lafiya sai dai ya taya, ba ya fara ba.

Shiru ne abin tsoro. Tun 2021 Yamai take da na'urar ƙona daji da haske, amma ba ta da amfani ga matar da ta ɓoye ƙullutu a nono har ya fashe. Ciwon da aka iya yi wa dariya an iya kiran sunansa, wanda aka kira sunansa kuwa da wuri ake kai shi asibiti. Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da alli, suna da dandali. Me suke jira?