Jan Layi Ba Malami Ba Ne

Ƴan'uwa ɗalibai, zan fara da tona asirin kaina, don kada wani ya ce na hau tudu ina jifar mutane.

Bara na nemi gurbin wani horo na wata uku da wata ƙungiya ta waje ke badawa. Sharaɗinsu guda: a rubuto takardar da Ingilishi. Na zauna da dare na rubuta, na kwashe na zuba cikin manhajar gyaran nahawu. Nan take shafi ya cika da jan layi da shuɗin layi. Na bi su ina dannawa ɗaya bayan ɗaya, ban karanta bayani ko guda ba. Minti biyar, takarda ta yi fes.

A cikinta akwai wurin da nake son in ce na halarci wani taron ƙara wa juna sani. Faransanci ya ja hannuna na rubuta "I assisted to a seminar", tunda a Faransanci "assister à" halarta ne. Manhaja ta ga "to" bai zauna daidai ba, ta miƙo mini "with", na karɓa da godiya. Jimla ta warke a nahawu. Sai dai ma'anarta ta koma cewa na taimaka wajen shirya taron. Bayan sati biyu sai ga kira a salula. Matar da ke mini tambayoyi ta ce in gaya mata irin taimakon da na bada a wajen taron nan. Ni da ban yi komi ba sai zama a bencin baya da kaye da bik! Na yi ta in-ina har ta gaji. Ban samu gurbin ba. Na'ura ta sa na yi ƙarya da Ingilishi mai tsabta, ni kuwa ban ma san na yi ba.

Tun ranar nake son in yi maganar ga da ku. Waɗannan manhajoji, Grammarly ne, LanguageTool ne, jan layin Word ne, ko ChatGPT da ya shigo a ƙarshen 2022, takarda suke gyarawa, ba sa gyara kai. Wanda ya bari sunka share kuskurensa bai dube shi ba, ya yar da darasin da ya fi kowane darasi amfani a gare shi.

Kada wani ya ce maganar ƴan sashen Ingilishi ce. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga Najeriya a kudu da mu, iyaka wajen kilomita 1,500. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar hantsi ce. Littattafan da malamai ke turo mu karantawa don memwar, da yawansu da Ingilishi suke. Mun yi shekara bakwai muna Ingilishi daga siziyam har tarminal, amma mu faɗi gaskiya: da yawanmu mun fito bak ba mu iya rubuta sakin layi guda ba tare da gumi ba. To ga na'ura ta zo ta ce mu huta. Wa zai ƙi? Matsalar ita ce hutun nan bashi ne, kuma ranar biya tana nan tafe: ranar jarrabawa a amfi, daga kai sai bik, ko ranar da za a zaunar da kai a ce yi magana. Zanen aro ba ya rufe katara.

A darasin koyon harshe na biyu an karantar da mu wani masani, Pit Corder, wanda ya yi rubutu a 1967 kan muhimmancin kurakuran mai koyo. Ya raba kuskure gida biyu. Akwai tuntuɓe: ka san ƙa'ida, hannunka ne ya zame, ko barci kake ji. In an nuna maka, kai da kanka za ka gyara. Akwai kuma kuskure na tsari: ba ka zame ba, ƙa'idar da ke cikin kanka ce ta sha bamban da ta harshen. Wannan na biyun, in ji shi, shaida ce ta inda koyonka ya kai. Bayansa, a 1972, Larry Selinker ya ba wannan nahawu na mai koyo suna, ya nuna harshe ne na tsaka-tsaki mai dokokinsa.

Nan take inda gizo ke saƙa. Manhajar gyara ta fi amfanar mai tuntuɓe. Ɗan Landan da ya tsallake harafi don sauri, jan layi ya tuna masa abin da ya riga ya sani, shi ke nan. Mu kuwa yawancin kurakuranmu na tsari ne, kuma suna da asali. Ku duba.

Mi ya sa muke cewa "I have twenty-two years"? Don Hausa ta ce "ina da shekara 22", Faransanci ma ya ce "j'ai 22 ans". Harsuna biyu sun haɗa baki, Ingilishi shi kaɗai ke cewa "I am". Mi ya sa muke cewa "borrow me your pen"? Don a Hausa tushe guda ne: na ari bik, ara mini bik. Ingilishi ya raba su, mai karɓa "borrow", mai badawa "lend". Haka muke cewa mun "hear" wari, tunda "ji" namu ya ɗauki kunne da hanci da jiki gaba ɗaya. "I am agree" kuwa, da "informations", da "since three years", duk tsarabar lakwal ce, Faransanci ne sanye da rigar Ingilishi.

Na'ura za ta kama wasu daga cikin waɗannan, ta gyara. Gobe ka sake, ta sake gyarawa. Shekara uku kuna haka, kai da ita, ba wanda ya ƙaru. Ba ta san kai Bahaushe ne ba, ba ta san da Faransanci ka yi karatu ba, don haka ba za ta taɓa ce maka "wanga kuskure daga Hausa ya fito" ba. Alhali wannan bayanin shi ne magani.

Sannan akwai waɗanda ba ta gani sam. Mai duba haruffa jerin kalmomi gare shi: in kalmarka tana ciki ya ƙyale ta, in ba ta ciki ya ja layi ya kawo masu kama da ita. Mai duba nahawu kuma ko dai dokoki anka rubuta masa, ko an ciyar da shi rubutu mai ɗimbin yawa yana cankar abin da aka fi faɗi. Babu wanda ya san abin da ke zuciyarka. Mu Hausawa bakinmu bai raba "p" da "f" ba, don haka muna rubuta "full" a wurin "pull", "fool" a wurin "pool". Duka kalmomi ne na gaske, jerin ya san su. Ka rubuta "actually" kana nufin "a halin yanzu", ka rubuta "library" kana nufin kantin littattafai, ka rubuta "eventually" kana nufin "wataƙila", shafi ya zauna fari tas, ba layi ko guda. Kai kana murna, mai karatu yana karanta abin da ba ka faɗa ba. Shirun na'ura ba shaida ba ce.

Na san abin da abokina na fada zai ce, don ya sha faɗa mini muna shan shayi: "Kai dai, malam, zamani ya wuce nan. Wa ke lissafi da ka tunda ga kalkuleta?" Amsata ita ce, kalkuleta tana amfanar wanda ya san ko tarawa zai yi ko rabawa. In ta ba shi amsar banza, zai ji a jikinsa. Wanda bai san lissafi ba, duk abin da ta nuna masa sai ya rubuta. Haka na yi da "with". Kuma harshe ba a takarda kaɗai yake ba. Wuta tana ɗaukewa, forfe yana ƙarewa, cikakken sigar manhajar ma sai da katin banki da yawancinmu ba mu da shi. Abin da ke cikin kanka ne kaɗai ba ya neman caji.

Amma ina da magana da ɗaya ɓangaren ma, wato malamai da ɗalibai masu cewa a hana waɗannan kayan gaba ɗaya, wai sata ce. Wannan ma kuskure ne, kuma kuskuren mai ƙoshi. A aji mai ɗalibi ɗari, wane mushe ne zai bi takardar kowa layi-layi kowane sati? Dabuwar da kake badawa yau ta dawo bayan wata guda da jan bik biyu da maki, mi ta koya maka? Na'ura ba ta gajiya, ba ta yi maka dariya gaban ƴan aji, ƙarfe biyun dare ma tana nan. A fannin haruffa kuwa taimakonta ba ya musantuwa. Ingilishi yana da haruffa 26 da sautuka wajen 44. Tun da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476 rubutu ya fara daskarewa, furuci kuwa ya ci gaba da tafiyarsa, shi ya sa ake rubuta "k" da "gh" a "knight" alhali ba mai furta su. Ba wauta ba ce ka kasa cankar wannan. Haddacewa ake yi, kuma jan layi yana taimakon hadda. Hana ɗalibi wannan kamar hana shi ƙamus ne. Abin da muke nema ga malamai shi ne su koya mana yadda ake gardama da na'ura.

Don gardamar wajibi ce. Ingilishin wa take karewa? Ta ja layi ƙarƙashin sunana, ta ja ƙarƙashin Tahoua, ta taɓa ba ni shawara in mayar da Zinder "cinder", wato garwashin da ya mutu. Ka rubuta "colour" ta ce "color", ba don ka yi kuskure ba, sai don an saita ta a kan rubutun Amurka, wanda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka ya kafu. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Najeriya, har da "okada" da "Kannywood". Ashe abin da ake ja wa layi yau yana iya shiga ƙamus gobe. Iyayenmu suna bada labarin sambol, abin da ake rataya wa yaro a wuya in ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a lakwal. Wasunmu ma sun iske shi. Sambol bai koya wa kowa Faransanci ba, tsoro ya koyar. Na ga ɗalibai da jan layi ya mayar haka: ba sa rubuta jimlar da suke so, sai wadda sunka tabbata ba za ta ja layi ba. Rubutu ya yi tsabta, ya mutu. Kada mu cire sambol daga wuya mu sa shi cikin aljihu.

To mi za a yi? Ga abin da nake yi tun bayan kunyar da na sha, ba wani sirri ba ne.

Na farko, ina rubutawa da hannu, ko in kashe gyaran kai-tsaye, har in gama. In salularka a kan Faransanci take, ka san halinta: ka rubuta "the" ta kawo maka "thé", ka nemi Ingilishi ta dafa maka shayi. Ka ƙara mata Ingilishi, ka zaɓi na Ingila ko na Amurka, ka tsaya a kan guda.

Na biyu, ina karantawa da ƙarfi in gyara abin da kunnena ya kama, kafin na'ura ta gani.

Na uku, sai in buɗe manhaja. Kowane layi, kafin in duba shawararta, sai in tambayi kaina mi ya ɓaci a nan. In na canka, tuntuɓe ne, in wuce. In ban canka ba, na samu nama. Richard Schmidt ya nuna a 1990 cewa mai koyo yana ɗaukar abin da ya lura da shi ne. Danna "karɓa" da ido rufe ba lura ba ce. Kuma ba na dannawa. Da yatsana nake sake rubuta gyaran.

Na huɗu, ina da kaye na dala ashirin da na raba kowane shafi gida uku: abin da na rubuta, abin da ya kamata, da inda kuskuren ya fito, Hausa ko Faransanci ko rikicin Ingilishi kansa. Gida na ukun nan na'ura ba ta iya cika shi, sai ni. Da na cika shafi goma sai na ga ashe kurakuraina ba ɗari ba ne, ƴan ƙalilan ne ke ta dawowa da sabbin riguna.

Na biyar, duk gyaran da ya canja kalma, ba harafi kaɗai ba, sai na buɗe ƙamus. In ChatGPT ne, ba na ce masa ya sake rubuta mini. Cewa nake ya nuna wurin kuskure ya faɗi dalili, kuma dalilin ma ina tuhumarsa, don yakan yi kuskure da cikakken ƙarfin hali.

Kira gare mu a wagga ƙungiya: kowa ya zo da kayensa zama na gaba. Mu haɗa gida na ukun nan namu wuri guda, na ƴan Maraɗi da na ƴan Damagaram da na ƴan Adar da na Yamai, har da ƴan'uwanmu masu Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak, don nasu tsarabar daban take. A cikin shekara guda za mu iya fitar da ɗan littafi kamar wanga, na kurakuran ɗiyan Nijar a Ingilishi da asalin kowane guda. Kamfanin da ke ƙetaren teku ba zai rubuta mana shi ba, don bai san mi ya sa "ara" ke rikita mu ba. Mu munka sani.

Ni dai kalmar "attend" ta zauna mini har abada. Gurbin horo na biya kafin in same ta. Ku ku same ta a nan, a kuɗin fotokofi.